Idan tsohuwar mota ta fara cijewa: nasiha ga matasan direbobi da yaran gareji

Ƙannena masu koyon aiki a garejojin Itas da Azare, da ku samarin da aka damƙa wa makullin Golf ko Sharan kuna jigila tsakanin Itas, Gadau, Jama'are da Azare, da ku nake magana. Akwai wata lalura ta tsofaffin motoci da kowannenku zai ci karo da ita, in ma bai riga ya ci ba. Mota ta tashi lafiya, tana silo ba wani kuka, amma da an sa giya an ɗan taka totur sai ta cije, ta noƙe kamar za ta mutu, ta yi jakin sau ɗaya ko biyu, sannan ta karɓi wuta ta wuce. Idan ta miƙe hanya ba ka ƙara jin komai, har ka manta. Sai an rage gudu a cikin gari, ko an tsaya sauke fasinja, ta sake yi.

Mutane da yawa suna raina wannan lalurar saboda ba ta ajiye su a daji. Ni kuwa ta fi ba ni tsoro a kan wadda ke hana mota tashi gaba ɗaya. Motar da ta ƙi tashi tana nan a ƙofar gida, ba ta taɓa lafiyar kowa ba. Mai cijewa kuwa tana yin halinta ne daidai lokacin da direba ya fi bukatar ƙarfinta: ya leƙo babban titin Kano zuwa Maiduguri a Jama'are ko a Azare, ya hango tirela, ya ƙiyasta zai tsallaka kafin ta iso, ya taka, mota ta ƙi. Daƙiƙa biyu ne kacal, amma da rayukan mutane a bayansa.

Abin da nake so ku riƙe tun daga nan shi ne kada ku sayi komai, kada kuma ku kwance komai, sai kun gwada kun tabbatar cewa shi ne ya lalace. Kun san yadda aka saba. Yau a ce fulogi ne, a canza. Mako ya zagayo a ce famfon mai ne, a tura yaro Azare. Daga nan a ce a wanke nozil, daga ƙarshe a ɗaga hannu a ce ai birenbos ne, wato kwamfutar mota, sai an je Ƙofar Ruwa a Kano. Mai mota ya zubar da kuɗin da ya tara na taki ko na makarantar yara, alhali tun ranar farko wani ɗan tiyon roba ne ya tsage a bayan inji, ba wanda ya sunkuya ya duba. Kuɗin nan amana ne a hannunku, kuma canki-canka da kuɗin wani cin amana ne ko da ba a yi shi da mugun nufi ba.

Ku fara da sanin irin motocin da ke hannunmu. Golf 3 da ta cika tashoshinmu ta fara fitowa a 1991, an kuma daina ƙera ta kafin shekarar 2000. Sharan ta fito a 1995. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci tun 1975, kuma har gobe akwai 504 da J5 da ke ɗaukar kaya ranar kasuwa. Yawancin sauran sun gama rayuwa guda a Turai ko Amurka kafin su sauka a Kwatano ko Legas, sannan suka zo suka fara ta biyu a ƙurarmu da zafinmu. Lambar da ke gaban direba ba abin dogaro ba ce, domin ana mayar da ita baya. Idan kuma motar Amurka ce, da mil take ƙirgawa, mil ɗaya kuwa ya kai kilomita 1.6, saboda haka wadda ke nuna 200,000 ta haura kilomita 320,000. A irin wannan shekarun kowace roba ta bushe, kowace waya ta sha zafi, kowane ƙarfe mai gogayya ya ci. Shi ya sa zato ba ya aiki a tsohuwar mota: abubuwa goma ne za su iya kawo ciwo iri ɗaya, kuma duk goman sun tsufa.

Me ya sa sai a ƙaramar wuta take yi? Wanda ya gane wannan ya yi rabin aikin. Injin fetur yana son iska da mai a kan wani ma'auni, kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na mai idan aka auna nauyinsu, sai kuma tartsatsin fulogi ya zo a kan lokaci. Kamar murhu ne: itace kaɗan da fifita mai yawa wuta ta mutu, itace ya yi yawa ba iska sai hayaƙi. Lokacin da inji ke silo, yana juyi 700 zuwa 900 a minti ɗaya, bakin totur a rufe yake, iskar da ke shiga 'yar kaɗan ce. Da ka taka, ƙofar ta buɗe, iska ta kwararo nan take saboda ba ta da nauyi, mai kuwa yana ɗan jinkiri, wani ma ya manne a bangon manifol. A wannan ƙiftawar dole a ƙara wa inji mai na musamman, in ba haka ba ya shaƙe. Sannan a daidai wannan lokacin, inji na juyi a hankali ga nauyi a kansa, matsin da ke cikin silinda yana da yawa, tartsatsi kuma ya fi shan wahalar tsallaka bakin fulogi. Duk wani rauni na iska, na mai ko na wuta a nan yake fara bayyana. Idan gudu ya yi nisa, yawan iska da saurin juyi suna rufe aibin.

Kafin ka ɗaga bonet, yi wa direba tambayoyi, kuma ka saurare shi da gaske. Da safe take yi kafin ta yi zafi, ko sai an yi tafiya? Da kaya ko ba kaya? Bayan an sha mai a wani wuri ta fara? An wanke injin kwanan nan? Wani ya taɓa ta kafin a kawo nan, me ya kwance? Tana ƙara shan mai? Hayaƙin salansa baƙi ne, fari ne ko shuɗi? Ku kuma direbobi, ku daina shigowa gareji da hukunci a bakinku. "Oga, a canza min famfo" ba bayani ba ne. Ka ce, "Idan na taso daga tasha da cikakken lodi, a giya ta biyu take cijewa, amma da safe ba ta yi." Wannan jimlar ta fi wa makanike amfani a kan duk sunayen kayan gyaran da ka haddace. Daga nan a shiga motar tare, direban ya tuƙa yadda ya saba, makanike na gefe yana kallon ƙafarsa da hannunsa.

Na ce a kalli ƙafa da hannu ne saboda wani abu da ya yawaita tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Tsadar fetur ta sa direbobi da yawa suna gaggawar hawa babbar giya. Mota ɗauke da buhunan gero ko shinkafar fadamar kogin Jama'are, ga fasinja har gaba biyu, ana tafiya kamar gudun keke amma an riga an sa giya ta huɗu, ana danna totur har ƙasa. Dole ta yi kakari ta girgiza. Wannan ba ciwon inji ba ne, tuƙi ne, kuma ba ya rage shan mai yadda ake zato. Abin da yake yi shi ne dukan fistin da metal a kowane juyi. Idan ka sauko giya ɗaya cijewar ta ɓace gaba ɗaya, to ka gyara hannunka tukuna. Haka kuma a bambance cijewar inji da karkarwar kuloci: idan sai lokacin sakin kuloci kaɗai motar ke rawa, amma da ya gama kamawa ta daidaita, a nemi laifin a faranti ko a robobin da inji ke zaune a kansu.

Idan an tabbatar inji ne, a fara da iska, domin a nan bincike ya fi araha kuma a ƙasarmu a nan laifi ya fi yawa. Ƙurar hunturu tana toshe filtar iska cikin ɗan lokaci. Ɗaga ta ka duba ta a rana. In haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki. Masu hura ta da iskar faci mai ƙarfi suna yaga takardar ba su sani ba, masu cire ta gaba ɗaya kuwa suna ɗura wa silinda yashi ne. Amma abin da na fi so ku ƙware a kai shi ne iskar sata, wato wadda ke shiga inji ta wata kafa ba ta hanyar da aka tsara mata ba. Zafin watannin Maris zuwa Mayu a ƙasar Katagum yana haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet, roba kuwa ba ta jure wannan shekara da shekaru. Tiyo ya bushe ya tsage, gasket ɗin manifol ya saki, iska ta shiga ba a auna ta ba, ma'aunin nan ya karkace. A babban gudu wannan 'yar iskar ba ta kai ta kawo ba. A silo da tashi kuwa, inda duka iskar da ake bukata kaɗan ce, ita ce ke rikita komai.

Ka kunna mota a wuri marar hayaniya ka kasa kunne, sau da yawa za ka ji tsit ɗin kafar da kanka. Bi tiyoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ka lanƙwasa kowanne, har da babban da ke zuwa wajen birki da wanda ke fitowa daga murfin saman inji. Ka fi mai da hankali ga ƙaton tiyon nan mai ninki-ninki da ke tsakanin akwatin filta da bakin totur. Yakan tsage ne a ƙasa, cikin ninkin, inda ido ba ya kaiwa. Mota na tsaye tsagar a rufe take. Da an sa giya an taka, inji ya ɗan karkata a kan robobinsa da suka mutu, tsagar ta buɗe, iska ta shiga, mota ta cije, inji ya koma mazauninsa, tsagar ta rufe, mota ta karɓa. Shi ya sa za ka yi ta ba ta wuta a gareji ba ta nuna komai, sai an hau titi. Ciro tiyon ka miƙe ninkin a haske. Golf 3 mai inji 1.8 da nozil guda ɗaya a sama tana da nata wurin: faifan robar da kan allurar ke zaune a kai. Riƙe kan ka ɗan girgiza shi mota na silo, in muryar inji ta canza ka samo ɓarawon. Wasu suna fesa fetur a kan tiyoyi don su ji ko wuta za ta ƙaru. Ina roƙonku ku bar wannan, tartsatsi ɗaya daga wayar fulogi ya isa ya ƙone mota da fuskar mai fesawa. Ruwa a gorar feshi yana nuna kafar ba tare da wannan haɗarin ba.

Bakin totur shi ma yana tara baƙin datti har iskar silo ta rasa hanya. A wanke shi da maganin da aka yi domin haka da tsumma mai tsabta. Na'urar auna iska, wadda kuke kira iyafulo, tana da wata siririyar waya ko ɗan faifai a ciki da ƙura ke lulluɓewa, sai ta riƙa ba kwamfuta labari a makare. Ba a taɓa ta da yatsa ko burushi, ba a wanke ta da fetur, fesa mata nata maganin ake yi a bar ta ta bushe. A motoci da yawa idan ka zare soket ɗinta cijewar ta ragu, alama ce mai ƙarfi cewa ita ce, amma gwaji ne na minti biyar, ba a barin mota ta ci gaba da yawo a haka.

Sai wuta. Ciro fulogi ka jera su yadda suke a inji, kada ka cakuɗa, domin kowanne yana ba da labarin silindarsa. Mai ruwan ƙasa-ƙasa lafiya lau. Baƙi mai busasshen toka, mai ya yi yawa ko tartsatsi ya yi rauni. Mai danshin baƙin mai, ringi ko robar bawul sun saki. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko akwai iskar sata. Idan uku sun yi kyau ɗaya ya bambanta, ka san inda za ka nufa. Bakin fulogi yana faɗaɗa da tsufa. Yawancin motocinmu suna son tazarar da ke tsakanin milimita 0.7 da 1.1, kuma da ma'auni ake dubawa, ba da ido ba. Fulogi na jabu ya cika kasuwa, a kwali mai kyau da sunan babban kamfani. Araha ba ta ado. Gara ka sayi na talaka na asali a wurin wanda ka amince da shi, da ka sayi mai sunan tsada a rabin kuɗinsa.

Wayoyin fulogi ana gwada su da dare. Kai motar wuri mai duhu, ɗaga bonet, ka ɗan yayyafa musu ruwa, za ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle zuwa jikin inji in sun fashe. Kada ka kama su da hannu mota na aiki, wutar da ke cikinsu dubban bolt ce. Motar da ke misin da sassafe a damina, ko bayan an wanke injinta da ruwa mai ƙarfi, ta warware in rana ta ɗaga, kusan kullum a nan matsalarta take, ko a murfin distirbuta da ya tsage yana tara raɓa. Motocin da kowane fulogi ke da kwayil ɗinsa sun fi sauƙi: ɗauke kwayil ɗin da kake zargi ka musanya shi da na wata silinda. In misin ɗin ya bi shi, shi ne. In ya tsaya a inda yake, ka tsirar da kuɗin kwayil. Ka leƙa ramin fulogin kuma, baƙin mai yakan zubo daga gasket ɗin murfi ya taru a ciki ya riƙa satar wuta.

Famfon mai shi ne wanda aka fi ɗora wa laifi, kuma a wannan lalurar sau da yawa ba shi da hannu. Famfon da ya gaji ya fi nuna kansa a babban gudu, a hawa, ko wajen wuce wata mota, lokacin da inji ke neman mai da yawa. Ana auna shi da agogon matsi. Yawancin motoci masu nozil a kowace silinda suna aiki a matsin kusan bar 3, Golf mai nozil ɗaya kuwa a kusan bar 1, don haka ba kowane famfo ne ke shiga kowace mota ba ko da ya zauna daram a tanki. Garejin da ba shi da wannan agogon ya kamata ya saye shi kafin ya sayi sabon allon suna. Filtar mai kuma, a tambayi mai mota yaushe rabon da a canza ta. Sau da yawa amsar ita ce tun da ya saya bai taɓa ba. Direbobi, yawo da tanki a ƙasa kullum yana cin famfo, domin man da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi.

Shi kansa man abin tuhuma ne. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima daga Beljiyam, hukuma ta tabbatar, aka janye shi, bayan ya riga ya lalata motoci musamman a Legas da Abuja. In hakan ta faru da man da ya biyo ta babbar hanya, to na galan da ake saya a bakin titi ya fi bukatar lura. Ba ina cewa duk 'yan bumburutu macuta ba ne, da yawansu neman halal suke yi, kuma a ƙauyukanmu wani lokaci su kaɗai ne ke da mai. Amma jarka tana tara ruwa da datti, akwai kuma masu gauraye. Idan cijewa ta fara ne bayan shan mai, zuƙo kaɗan daga tanki a kwalba mai haske ka ajiye. Ruwa zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka.

Masu kafireta, irin 504 da tsofaffin Toyota, gwajinsu na minti ɗaya ne. Kashe mota, cire murfin iska, leƙa cikin maƙogwaron, ka ja wayar totur da hannu. Ya kamata ka ga mai ya yi tsartuwa siriri mai ƙarfi. In ɗigowa yake ko babu, ɗan famfon da ke ƙara mai lokacin taka totur ya mutu, kuma shi ne ainihin mai hana cijewa. Sai silo jet da datti ke toshewa, sai taimin. Ban goyi bayan al'adar cire injekta a ɗora kafireta don an kasa gano ciwo ba. Mota takan tashi, amma shan mai ya ƙaru, kuma an binne matsalar da wataƙila waya ɗaya ce.

Yanzu ga abin da ku matasa kuka fi iyayen gidanku dama a kai. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, duk suna da soket mai baki 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. Akwai 'yar na'ura da ake soka wa a nan ta yi magana da wayar hannu. Golf 3 ta Turai da sa'o'inta sun riga wannan tsarin, suna bukatar na'urar da ta san yaren Volkswagen, amma Corolla da Camry da Honda na bayan nan duk suna amsawa. Ku koyi karanta ta da kyau. P0300 na nufin misin a silinda daban-daban, P0301 zuwa P0304 suna nuna wace silinda ce, P0171 kuma na cewa iska ta rinjayi mai. Sai dai lambar tana nuna unguwar da ciwo yake ne, ba ta cewa a sayi kaza. Mutum ya ga sunan sansar salansa a allo ya ruga ya saya, alhali sansar gaskiya ta faɗa, tiyo ne ya tsage.

Abin da ya fi lambobin amfani shi ne wurin da na'urar ke nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa don ta daidaita ma'auni. Idan a silo tana ƙara fiye da kashi 10 cikin 100, amma da ka ɗaga wuta zuwa juyi 2,500 ƙarin ya sauko, iskar sata ce. Idan kuwa a silo lafiya, sai wuta ta ɗagu ƙarin ke hawa, nemi famfo, filta ko iyafulo. Da wannan kaɗai ka raba hanya biyu ba ka kwance ƙusa ko ɗaya ba. Sansar da ke jikin bakin totur, mai gaya wa kwamfuta iya inda ƙafa ta taka, ita ma ana ganinta a nan ko a mita: daga kusan rabin bolt a rufe zuwa kusan huɗu da rabi a buɗe, tana hawa sumul. Farkon hanyarta ne ke cinyewa, domin a nan ƙafar direba ke wuni, saboda haka a taka a hankali a ga ko lambar za ta yi tsalle ko ta faɗi. Bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji, EGR, in datti ya hana shi rufewa, shi ma yana shaƙe mota a ƙaramar wuta.

Akwai gyare-gyaren da ba gyara ba ne, kuma ina so ku ƙi su ko da kun tarar ana yi. Ɗaga silo don kada a ji cijewa ɓoye ciwo ne, ga ƙarin shan mai, ga wahalar da giya. Cire ƙwan wutar cek, mai gargaɗin matsalar inji, don kada ya dami mai mota, ko don a sayar da ita, ha'inci ne. Wutar nan in tana ƙiftawa ma cewa take a tsaya yanzu. Sai cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wanda ya zama kamar farilla a garejojinmu da hujjar cewa ƙasarmu da zafi. An ƙera inji ne ya yi aiki a kusan digiri 90. In an cire tamostat, da sanyin hunturu injin ba ya kai wannan zafin, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce ta yi ta ƙara mai, fulogi su yi baƙi, cijewar da ake gudu ta dawo. Motar da ke zafi lagiretonta ne ya toshe da gishirin ruwan rijiya, ko fanka, ko famfon ruwa, a gyara wannan. Indomin salansa kuma, wato abin da ke tace hayaƙi a cikinsa, toshewarsa ta fi hana mota gudu a sama, ba cijewa a ƙasa ba. Ana son cire shi ne saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Duk abin da aka ciro daga motar mutum nasa ne, a miƙa masa a hannu.

Na san yaron gareji ba shi da ikon yanke hukunci, kuma ba na ce ku yi wa iyayen gidanku gardama a gaban baƙo ba. Sun riga ku jin muryar inji, akwai abin da kunnensu ke kamawa da na'ura ba ta nunawa. Amma ladabi bai hana magana ba. Ka matsa kusa ka ce, "Oga, in ka yarda in ɗan duba tiyon nan da wayoyin kafin a tafi sayen famfon." Maigidan kirki zai ce duba. In ka samo, kada ka yi ta shela, shi da kansa zai fara turo maka irin waɗannan motocin. Ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda kana gwadawa, domin in ka canza uku tare mota ta warke, ba ka san wanne ne ba, gobe in an kawo irinta ka koma zato. Ka sami ɗan littafi kana rubuta irin motar, abin da take yi, da abin da aka samu.

Wani lokaci za ka bi duk wannan, iska lafiya, wuta lafiya, mai lafiya, mota kuma ba ta daina ba. To a auna matsin silinda. Inji da ɗumi, a cire fulogi duka, a buɗe totur, a ɗaura agogo a kowane rami a yi sitata. Bai kamata silinda ta bambanta da 'yan'uwanta da fiye da kusan kashi 10 cikin 100 ba. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa: in matsin ya tashi ringi ne suka ci, in bai motsa ba bawul ne ko gasket ɗin kai. Biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. A duba bel ɗin taimin ma, ko ya tsallake haƙori.

In sakamakon ya nuna inji ya gaji, a gaya wa mai shi a fili, da lambobin a gabansa: "Alhaji, ga abin da kowace silinda ta ba mu. Fulogi da wankin nozil ba za su ɗaga wannan ba. Ko dai a sauke shi a sa ringi a gyara bawul, ko a nemi wani injin." Idan ya zaɓi na Ƙofar Ruwa, a yi sharaɗi da mai sayarwa cewa za a auna matsinsa bayan an ɗaura, in bai kai ba a mayar. Idan kuma ba shi da hali yanzu, wanda shi ne ya fi yawa, a gaya masa yadda zai lallaɓa ta: ya rage lodi, ya riƙa tashi da ƙaramar giya, ya duba baƙin mai kowace safiya, kuma kada ya yanki gaban babbar mota da tunanin za ta amsa masa nan take. Wadda aka gyara kuwa, kada a miƙa makulli sai an fita da ita da ɗumin inji da nauyi a ciki, an tsaya an tashi, an rage gudu an sake takawa, a irin hanyar da direban ya ce tana yi masa.